Tashen Balaga da Kurɓin Farko na Barasa

 Shirin faɗakarwa na yau zai duba shekaru biyar daga rayuwar ɗan Adam, wato daga shekara 10 zuwa 14, waɗanda masana lafiya suke kira farkon samartaka, tare da dangantakar da ke tsakanin sauye-sauyen da jiki da ƙwaƙwalwa suke yi a cikinsu da lokacin da yaro ko yarinya suke fara kai barasa baki. Iyaye da yawa a ƙasar Hausa za su ga kamar zancen bai shafe su ba, tun da addini ya haramta giya, al'ada ta ƙyamace ta, a wasu jihohin arewacin Nijeriya kuma doka ta hana sayar da ita a fili tun farkon shekarun 2000. Sai dai kwalaben da Hisba take fasawa a Kano lokaci bayan lokaci, da burukutun da ake dafawa a ƙauyuka, da barasar leda da take yawo a tashoshin mota, sun isa shaida cewa abin yana nan kusa da yara, kuma hanyar da take kai yaro ga giya ita ce dai take kai shi ga kodin da tiramol da sholisho.

Balaga tana farawa ne daga ƙwaƙwalwa tun kafin a ga alamarta a jiki. Wani ɗan ƙaramin sashe da ke can ƙasan ƙwaƙwalwa yakan fara aika saƙo zuwa ga mahaifar ƙwai a jikin mace da 'ya'yan maraina a jikin namiji, su kuma su fara fitar da sinadaran da likitoci suke kira homon, wato sinadarai masu bin jini suna ba gaɓoɓi umarni, waɗanda mafi shahara a cikinsu su ne estirojin ga mace da testosteron ga namiji. A mafi yawan 'yan mata wannan aiki yakan soma tsakanin shekara 8 da 13, a yara maza kuma tsakanin 9 da 14, kuma wani likitan yara ɗan Ingila mai suna James Tanner ya kasa shi mataki biyar, daga jikin da bai fara sauyawa ba zuwa jikin da ya kammala. Abin lura a nan shi ne faɗin wannan tazara, domin a aji ɗaya na ƙaramar sakandare za a tarar da 'yan shekara 12 su biyu a benci guda, ɗaya muryarsa ta fara buɗewa kafaɗunsa sun yi faɗi, ɗayan kuwa har yanzu yaro ne sak, alhali takardar haihuwa ta ce sa'o'in juna ne.

Wannan bambanci yana da nauyi a kan batun shaye-shaye fiye da yadda ake zato. A 2004 George Patton da abokan aikinsa suka wallafa wani bincike da suka yi a kan ɗalibai fiye da 5,000 'yan shekara 10 zuwa 15 a jihar Washington ta Amurka da jihar Biktoriya ta Ostireliya, inda suka gano cewa matakin balagar da yaro ya kai ya fi yawan shekarunsa ko ajinsa nuna ko ya taɓa shan barasa ko taba ko wiwi. Waɗanda suke tsakiyar balaga sun kusa ninka waɗanda ba su yi nisa ba wajen yiwuwar sun ɗanɗana, waɗanda suke ƙarshenta kuma sun ninka su kamar sau uku, ko da shekarunsu ɗaya. Da masu binciken suka bi diddigin dalili, sai suka ga wani kaso na wannan bambanci yana komawa ne ga abokai, domin yaron da jikinsa ya yi gaba ya fi samun kansa cikin abokai masu sha.

Domin a fahimci dalilin da ya sa abokai suke da irin wannan ƙarfi a waɗannan shekaru, dole a koma ga ƙwaƙwalwa. Tun daga shekarun 1990 Jay Giedd da tawagarsa a cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka suka riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar yara da na'urar maganaɗisu, suna maimaitawa a kan yaran nan dai shekara bayan shekara, aikin da ya nuna cewa sassan ƙwaƙwalwa ba sa nuna a lokaci guda. Sashen da ke bayan goshi, wanda aikinsa shi ne auna sakamako da tsara gaba da danne zuciya idan ta ɗebo abin da bai dace ba, yana cikin na ƙarshe wajen kammaluwa, kuma gininsa yakan ci gaba har mutum ya wuce shekara 20. Sassan da ke can ciki kuwa, masu kula da jin daɗi da ɗoki da son sabon abu, waɗanda suke aiki da wani sinadari mai suna dofamin, sukan farka da ƙarfi tun da balaga ta kankama. Saboda haka akwai 'yan shekaru da sha'awa take da ƙarfin babba, amma abin da zai tsawata mata bai gama ƙwari ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe waɗannan abubuwa biyu, domin a hukuncin dukiyar maraya, wanda asalinsa yake a aya ta 6 ta Suratun Nisa'i, balagar jiki kaɗai ba ta isa a miƙa masa dukiyarsa ba sai an jarraba shi an ga hankalin sarrafa ta.

Kuskure ne a ɗauka cewa yaro ɗan shekara 13 bai san giya tana da illa ba. Idan aka zaunar da shi shi kaɗai aka tambaye shi, zai lissafa illolin kamar yadda babba zai lissafa, kuma wannan ne ya sa wa'azin tsoratarwa kaɗai ba ya cika yin tasirin da ake fata. Matsalar tana bayyana ne a inda idon sa'o'insa yake kansa. Laurence Steinberg na Jami'ar Temple da ke Filadelfiya, tare da Margo Gardner, sun gwada wannan a 2005 da wani wasan tuƙi na kwamfuta, inda mai wasa yake tuƙa mota, fitilar kan hanya ta koma ruwan ɗorawa, shi kuma ya zaɓa ko ya taka birki ya tsira da makin da ya tara ko ya ƙara gaba ya ƙara maki amma yana iya yin karo ya rasa komai. Da matasa 'yan shekara 13 zuwa 16 suka yi wasan su kaɗai, tuƙinsu bai yi nisa da na manya ba, amma da aka kawo abokansu biyu kusa da su sai kasadarsu ta kusa ninkawa, manya kuwa ko da abokai ko babu tuƙinsu bai sauya sosai ba. A 2011 aka maimaita gwajin, mai wasa yana cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, abokansa suna wani ɗaki suna kallo kawai ba tare da sun ce masa uffan yayin tuƙin ba, duk da haka sassan jin daɗi na ƙwaƙwalwarsa suka ƙara motsi. Ke nan ba sai an zuga yaro da baki ba, sanin cewa ana kallonsa ya wadatar. A 2014 ma wannan tawaga ta nuna cewa ɓerayen da suke tashen balaga sun fi shan barasa idan suna tare da 'yan'uwansu fiye da idan suna su kaɗai, alhali manyan ɓeraye ba su nuna wannan bambanci ba.

Akwai kuma wani haɗari da ya shafi yadda jikin matashi yake karɓar barasar kanta. Tun da ba ya halatta a ba yara giya domin gwaji, mafi yawan abin da aka sani a nan ya fito ne daga binciken dabbobi, musamman aikin Linda Spear ta Jami'ar Binghamton a jihar New York, wadda ta shafe shekaru tana kwatanta ƙananan ɓeraye da manya. Abin da aka gani shi ne, ƙananan ba sa saurin jin barci ko tangaɗi ko kasalar washegari kamar manya, waɗannan kuwa su ne alamomin da suke sa babba ya ajiye kofi, amma sun fi manya jin sakin jiki da son cuɗanya da barasa take kawowa, sannan sashen ƙwaƙwalwarsu mai adana sabon ilimi ya fi saurin cutuwa. Ɓera ba mutum ba ne, amma sakamakon ya yi daidai da abin da ake gani a ƙasashen da aka ƙididdige shan matasa, inda matashi ba ya sha kullum kamar babban mashayi, sai dai ranar da ya sha yakan sha da yawa a zama ɗaya.



Yaran da suka fi shiga haɗari su ne waɗanda jikinsu ya riga na sa'o'insu, musamman 'yan mata. A garin Orebro na ƙasar Suwidin, Håkan Stattin da David Magnusson sun bi rayuwar ɗaruruwan 'yan mata tun suna makaranta har suka girma, suka kuma bayyana a littafinsu na 1990 cewa waɗanda suka fara haila da wuri sun fi sauran buguwa da karya dokokin gida a tsakiyar samartaka, amma wannan ya fi tabbata ne a kan waɗanda suka yi ƙawance da waɗanda suka girme su ko suka fara samari. A garin Dunedin na Niyu Zilan ma, Avshalom Caspi da Terrie Moffitt sun ga cewa saurin balaga ya fi jawo matsala ga 'yan matan da suke makarantar da ake haɗa maza da mata fiye da waɗanda suke makarantar mata zalla. Ma'anar wannan ita ce homon ba ya sa wa yarinya ƙishin giya, abin da yake yi shi ne ya sauya irin kallon da ake yi mata da irin mutanen da suke nemanta. Wannan darasi ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin yarinya 'yar shekara 12 da ƙirjinta ya fara cika, aka ɗora mata farantin talla ta nufi tasha da yamma, da yaron da ya yi tsawo da wuri aka kai shi gareji ko aka sa shi yaron mota, duk an fitar da su daga cikin sa'o'insu an jefa su cikin manya, ana yi musu magana irin ta manya, ana aiken su sayo abin da manya suke sha, su kuma suna jin kunyar a gane cewa har yanzu yara ne. Moffitt ta bayyana wannan hali a 1993 da cewa giɓi ne tsakanin jikin da ya girma da matsayin da al'umma ba ta ba mai jikin ba tukuna, kuma sigari da giya suna zama hanya mafi arha ta nuna an girma.

Hausawa sukan ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma bincike ya gaskata rabin wannan magana. Ɗaya rabin shi ne wanda Denise Kandel ta nuna a 1978 a makarantun jihar New York, cewa kamannin hali da ake gani tsakanin abokai ba duka ba ne yake zuwa daga koyi, wani kaso mai yawa yana zuwa ne daga zaɓi, wato yaron da zuciyarsa ta riga ta karkata yakan nemi masu irin karkatarsa. Wannan yana da ɗaci ga iyaye, domin kowace uwa ta fi son ta ce 'ya'yan maƙwabta ne suka lalata mata ɗa, amma raba yaro da abokai ba tare da an duba abin da ya kai shi gare su ba yakan ƙare ne da ya samo wasu irinsu a wata unguwar.

Ita wannan karkata tana farawa ne tun kafin kurɓin farko. Mark Goldman da abokan aikinsa a Amurka sun nuna cewa yara ƙanana galibi suna ɗaukar giya a matsayin abu mai sa rashin lafiya da faɗa da wauta, amma daga ƙarshen firamare zuwa farkon sakandare sai tunanin ya fara juyawa, su fara danganta ta da nishaɗi da ƙarfin hali da iya magana a gaban jama'a, kuma ƙarfin wannan tsammani yana nuna wanda zai fara sha a shekarar da ke tafe. A yau wayar hannu tana kawo wa yaro bidiyon mawaƙa da kwalabe a kan tebur har cikin ɗakin kwanansa. A gidaje da yawa kuwa kunya da ganin cewa ambaton abu tamkar koya shi ne sun sa ba a taɓa zancen sai ranar da aka ji wari a bakin yaro, lokacin da ra'ayinsa ya yi shekara biyu ko uku da ginuwa a hannun wasu. Lokacin da ya dace uba ko uwa ko kawu su buɗe maganar shi ne wajen shekara 9 zuwa 11, sa'ad da yaro yake ganin maganar na gaba da shi da daraja, kuma tambayarsa abin da ya gani da abin da yake tsammani ta fi doguwar huɗuba amfani.

Dalilin da ya sa masana suka damu da shekarar farawa ya fito fili a 1997, lokacin da Bridget Grant da Deborah Dawson suka nazarci bayanan manya fiye da 27,000 da suka taɓa shan barasa a Amurka. A cikin waɗanda suka fara sha suna da shekara 14 ko ƙasa da haka, fiye da kashi 40 cikin ɗari sun kamu da jarabar barasa a wani lokaci na rayuwarsu, wato halin da mutum ba ya iya dainawa ko da yana ganin tana cutar da shi, a cikin waɗanda suka fara a shekara 20 ko sama kuwa kimanin kashi 10 ne kacal, kuma kowace shekara ɗaya ta jinkiri tana rage yiwuwar da kimanin kashi 14 cikin ɗari. An yi muhawara mai ma'ana a kan fassarar waɗannan alƙaluma, domin Carol Prescott da Kenneth Kendler, da suka yi nazarin tagwaye a jihar Bajiniya a 1999, sun ga cewa gado da yanayin gida suna iya haifar da abubuwan biyu tare, wato saurin farawa da jarabar daga baya, ba lallai ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Ko wanne ɓangare ya fi gaskiya, hukuncin a aikace bai sauya ba, domin idan saurin farawa sababi ne to jinkirta shi kariya ce, idan kuma alama ce to yaron da ya fara a shekara 12 yana shaida wa manyansa cewa akwai wata damuwa a tare da shi, ko rikicin gida ko baƙin ciki ko rashin iya zama wuri ɗaya, wadda duka da gori ba za su warkar ba.

A wasu al'ummomi, har da waɗanda suke zaune tare da Hausawa inda burukutu da fito da bammi suke cikin biki da gayya, akwai ra'ayin cewa gara yaro ya koyi sha a gaban iyayensa da ya koya a waje. An gwada wannan ra'ayi a Ostireliya, inda Richard Mattick da tawagarsa suka bi yara kimanin 1,900 na tsawon shekara shida tun daga farkon sakandare, suka wallafa a 2018 cewa waɗanda iyayensu suka ba su barasa ba su sami wata kariya ba, hasali ma sun fi waɗanda ba a ba su ba samun ta daga wasu hannaye daga baya, sun kuma fi su shan ta fiye da kima. Irin wannan gargaɗi ya hau kan wasu jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a bakin tasha da sunan maganin basir ko dattin ciki, waɗanda ake jiƙa sassaƙensu a cikin barasa mai ƙarfi, yaro ya sha da sunan magani ya ji abin da bai taɓa ji ba.

Samuwa ita ce sharaɗi na ƙarshe, kuma a nan barasar leda ta sauya lissafi. 'Yar leda ce da ba ta cika tafin hannu ba, tana rataye a jere a kanti kusa da alewa da biskit, kuɗinta bai wuce abin da ake ba yaro na kashewa a makaranta ba, tana shiga aljihun wandon makaranta ba ta ƙara ba ta tudu, a yage ta da haƙori a shanye cikin kurɓi biyu a jefar da ledar a kwata, ga shi kuma abin da ke cikinta ya ninka giyar kwalba ƙarfi sau da yawa. Hukumar NAFDAC ta cimma yarjejeniya da masu masana'antu a 2018 cewa za a daina yin ta cikin shekara biyar, a farkon 2024 kuma shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta sanar da fara aiki da haramcin barasar leda da ta ƙananan robobi ƙasa da mililita 200, tana kafa hujja da kare yara, sai dai masu masana'antu da ƙungiyoyin ma'aikata sun yi ta adawa saboda ayyukan yi, aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa. Asarar aikin yi damuwa ce ta gaske, amma kayan da siffarsa da farashinsa suka dace da aljihun ɗan shekara 12 ba kaya ba ne da za a bar wa kasuwa ta yi hukunci a kansa.

Ƙasar Aisilan ta nuna abin da yake yiwuwa idan aka daina dogara da gargaɗi kaɗai aka gyara yanayin da yara suke ciki. A 1998 kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 da 16 a can sun ce sun bugu a cikin watan da ya gabata, zuwa 2016 kuwa adadin ya sauko zuwa kashi 5. A tsakanin waɗannan shekaru an ƙarfafa dokar hana 'yan shekara 13 zuwa 16 zama a waje bayan ƙarfe 10 na dare a lokacin sanyi, iyaye a unguwanni suka riƙa yin yarjejeniya a tsakaninsu cewa kowa zai san inda ɗansa yake da waɗanda yake tare da su, hukumomi suka zuba kuɗi a wasanni da kiɗa da sana'o'in bayan makaranta a ƙarƙashin kulawar manya, ana kuma yi wa ɗalibai tambayoyi a kai a kai domin kowace unguwa ta san halin da take ciki. Shan matasa ya ragu a wasu ƙasashen Turai ma a wannan lokaci, don haka ba duka nasarar za a jingina ga shirin ba, kuma Aisilan ƙasa ce mai arziki da mutanenta ba su kai na ƙaramar hukuma ɗaya ta cikin birnin Kano ba. Duk da haka ginshiƙan shirin ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa, domin mai unguwa da limami da malamin Islamiyya da kocin ƙwallon unguwa da ubangidan da ake koyon sana'a a wurinsa duk suna nan, kuma su ne suke iya sanin inda ɗan shekara 13 yake tsakanin magariba da ƙarfe goma.

Akwai kuma abin da ya wajaba kowane gida ya sani game da ranar da aka tarar da yaro a buge. Jikin yaro ƙarami ne, hantarsa kuma ba ta da ajiyar sukari kamar ta babba, saboda haka barasa tana iya sa sukarin jininsa ya faɗi ƙwarai har ya suma ko ya yi farfaɗiya, tana kuma iya rage numfashinsa, ko ya yi amai yana kwance rigingine aman ya koma masa huhu. Watsa masa ruwan sanyi ko ɗura masa shayi mai kauri ko manja ba ya fitar da barasa daga jini, ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa wani abu ma yana iya shaƙe shi. Abin yi shi ne a kwantar da shi a gefensa ɗaya, wani babba ya zauna tare da shi ba tare da an kulle shi a ɗaki don gudun abin kunya ba, idan kuma ba ya farkawa da kira, ko numfashinsa ya yi jinkiri, ko jikinsa ya yi sanyi, ko ya ce ganinsa ya dushe, wanda yake iya nuna gubar da ake samu a gurɓatacciyar ogogoro, to a garzaya da shi asibiti nan take, a kuma faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha, a tafi da ledar ko kwalbar idan an same ta.